Dutsen Kabarin da Ya Rasa Gawa: COBOL, Flash da Tambayar Wane Harshe Za a Koya

A gidan tarihin kwamfuta da ke garin Mountain View na jihar Kalifoniya a Amurka, akwai wani ɗan ƙaramin dutsen kabari, irin wanda Nasara kan kafa a kan makwancin mamaci. Kalma ɗaya tak aka sassaƙa a jikinsa: COBOL. Wani ma'aikacin kamfanin RCA mai suna Howard Bromberg ne ya saye shi a kan dala 15, ya aika wa Charles Phillips, jami'in Ma'aikatar Tsaron Amurka da ke jagorantar aikin samar da harshen. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri shi ne, Bromberg ba ɗan kallo ba ne. Yana cikin mutum shidan da suka zauna suka rubuta ƙa'idojin harshen da hannunsu. Wato tun jaririn yana cikin tsumma, ɗaya daga cikin ungozomominsa ya tanadar masa likkafani.

Na ci karo da labarin dutsen nan a shekarar ƙarshe ta karatuna na digiri, a lokacin da muhawara guda ta hana mu barci a ɗakin kwanan ɗalibai. Kowa ya san cewa takardar shaidar da za a ba mu ba ita ce za ta ci da mu ba, sai abin da hannunmu ya iya. To amma harsunan tsara manhaja sun fi ɗari, kuɗin data ba ya isa, wutar lantarki ba ta zama, shekara guda da mutum zai ba wa harshe ɗaya kuwa shekara ce da ba za ta dawo ba. Wani ya ce Python, wani ya ce JavaScript, wani ya rantse cewa duk wanda bai kama sabon harshen da aka fitar bara ba jirgi ya bar shi. Babu wanda ya tambayi abin da ya sami waɗanda suka yi irin wannan zaɓi shekara ashirin ko sittin da suka wuce. Wannan tambayar ce ta kai ni ga tarihin harsuna biyu da ajalinsu ya saɓa wa hasashen masana.

A ƙarshen shekarun 1950, kowane kamfanin ƙera kwamfuta yana da harshensa. Ma'aikatar da ta sayi na'urar wani kamfani, ta ɓata shekaru tana rubuta manhajar biyan albashi, idan ta sauya na'ura sai ta koma farko. Babu wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya kamar Ma'aikatar Tsaron Amurka, wadda ke da na'urori daga kamfanoni iri-iri. A watan Afrilun 1959, Mary Hawes ta kamfanin Burroughs ta nemi a zauna a kan batun, aka yi ƙaramin taro a birnin Filadelfiya. A ranakun 28 da 29 ga Mayu aka yi babban zama a Pentagon, aka kafa kwamitoci. Ɗaya daga cikinsu na wucin gadi ne, aikinsa ya samar da abin da za a lallaɓa da shi kafin wani kwamitin ya zo da harshe na dindindin. Na dindindin ɗin bai taɓa zuwa ba. Na wucin gadin shi ne COBOL.

Ana yawan kiran Grace Hopper uwar COBOL. Gaskiya ne cewa harshenta na FLOW-MATIC shi ne tubalin da aka fi ɗora ginin a kansa, kuma ita ce ta daɗe tana nacewa a kan a rubuta umarnin kwamfuta da kalmomin da akawu zai iya karantawa. Amma ba ta cikin mutum shidan da suka yi rubutun a ƙarshen 1959, kuma Jean Sammet, wadda ke cikinsu, ta sha gyara wannan kuskure har ƙarshen rayuwarta. A watan Disambar 1960 aka yi gwajin da ya tabbatar da manufar aikin: kusan manhaja ɗaya ta yi aiki a kan na'urar RCA 501 da kuma UNIVAC II, na kamfanoni biyu masu gogayya da juna. Daga nan Ma'aikatar Tsaro ta nuna cewa ba za ta saya ko ta yi hayar kwamfutar da ba ta jin COBOL ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mai kuɗi ya yi magana, 'yan kasuwa suka bi.

Malaman jami'a dai ba su taɓa ƙaunarsa ba. Yana da surutu. Abin da wani harshe zai faɗa da alama ɗaya, shi sai ya jero kalmomi. A 1975 Edsger Dijkstra, masanin nan ɗan ƙasar Holan, ya rubuta cewa amfani da COBOL yana gurgunta tunani, har ya kamata a ɗauki koyar da shi a matsayin laifi. Maganar ta yi daɗin maimaitawa, ɗalibai suka haddace ta. Sai dai masu bankuna da kamfanonin inshora ba su damu da kyan jimla ba, sun damu da kwabo. Kwamfuta da sifili da ɗaya take lissafi, kuma a wannan tsari kashi ɗaya bisa goma ba ya rubutuwa cif, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu lissafin, sai dai a yi ta jera 3 har a gaji. A lissafin kimiyya ɗan guntun da ya zube ba ya cutarwa. A asusun mutum miliyan goma kuwa, guntu-guntun nan kan taru su zama kuɗin da babu wanda ya san inda ya shiga. COBOL yana ba mai rubutu damar ya ce wannan adadi gurbi bakwai ne kafin ɗigo, gurbi biyu bayansa, kuma na'ura ta riƙe shi haka, goma-goma, yadda akawu ke riƙe shi a littafi. Da kamfanin IBM ya fito da jerin na'urorinsa na System/360 a 1964, waɗanda aka ƙera su da iya irin wannan lissafi, sai harshe da na'ura suka zama kamar zani da ƙugu.

Akwai wani abin da ya faru a 1981 wanda a ganina ya fi komai bayyana sirrin tsawon ransa. Kwamitin ƙa'idoji ya fito da daftarin sabon COBOL wanda ba zai karɓi wasu tsofaffin manhajoji ba sai an yi musu gyara. Joseph Brophy, babban jami'i a kamfanin inshora na Travelers, ya yi barazanar kai kwamitin kotu. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara, aka ja da baya, aka yi ta kwaskwarima, sabon ma'aunin bai fito ba sai 1985. Masu amfani da harshen sun nuna cewa suna da bakin magana a kansa, domin ba mallakar kamfani ɗaya ba ne da zai wayi gari ya sauya shi yadda ya ga dama.

Hatta babban abin kunyarsa aiki ya zame wa masu shi. A zamanin da ake shigar da bayanai ta kati mai huji, kowane kati gurbi 80 gare shi, ma'ajiya kuma tana da tsada, don haka aka saba rubuta shekara da lamba biyu: 75 a maimakon 1975. Babu wanda ya zaci manhajar za ta kai ƙarshen ƙarni. Da 2000 ta ƙarato, sai aka ga na'ura za ta cire 75 daga 00 ta ce shekarun mutum ƙasa da sifili ne. Aka shiga neman waɗanda suka iya COBOL ruwa a jallo, aka kira tsofaffin da suka yi ritaya, kamfanonin Indiya suka samu kwangilolin da suka taimaka musu wajen shiga kasuwar Amurka. Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta ƙiyasta cewa gyaran ya ci wa ƙasar kimanin dala biliyan 100. Wasu sun faɗaɗa gurbin shekara zuwa lamba huɗu, wasu sun yi dabarar cewa duk lambar da ta gaza kaza a ɗauke ta ta sabon ƙarni, wanda ɗage matsala ne zuwa gaba. Abin lura shi ne, da aka ba manyan ma'aikatu zaɓi tsakanin rushe gini da toshe yoyo, akasarinsu yoyo suka toshe. Dalilin ya fito fili daga waɗanda suka zaɓi rushewa: bankin Commonwealth na Ostireliya ya shafe shekara biyar, ya kashe fiye da dalar Ostireliya biliyan ɗaya, kafin ya sauya tsohon tsarinsa.

A watan Afrilun 2020, annobar korona ta raba miliyoyin Amurkawa da ayyukansu, masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa na'urorin jihohi yawa. Gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito gaban 'yan jarida yana neman masu sa-kai da suka iya COBOL, yana mai cewa tsarin jihar ya haura shekara arba'in. A cikin watan IBM da abokan aikinsa suka buɗe darasin koyon harshen kyauta. Shekara sittin ke nan bayan an sayi dutsen kabari.

A ƙarshen wannan shekarar ta 2020 aka yi jana'iza ta gaske, amma ta wani ce daban.

Flash ya fara ne a 1996 a matsayin ƙaramar manhajar zane mai motsi, FutureSplash Animator, ta wani ɗan kamfani da Jonathan Gay ke ciki. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Macromedia ya saye ta ya sauya mata suna. A lokacin shafukan intanet rubutu ne da hotuna marasa motsi, kuma abin da ya fito da kyau a wannan burauza sai ya karkace a waccan. Flash ya kawo maganin duka biyun: a saka 'yar manhajarsa a burauza sau ɗaya, daga nan zane, sauti, wasa da bidiyo su fito iri ɗaya a ko'ina. A 2000 aka ba shi cikakken harshe mai suna ActionScript. A 2005 Adobe ya sayi Macromedia a kan dala biliyan 3.4, a shekarar kuma YouTube ya buɗe, yana nuna bidiyonsa ta Flash. Wasan FarmVille da ya mamaye Facebook daga 2009 da shi aka gina shi. Adobe kan yi iƙirarin cewa manhajar tana cikin fiye da kashi 90 cikin ɗari na kwamfutocin da ke haɗe da intanet.

A nan ya kamata a yi wa matashin 2008 adalci. Da ya zo neman shawara, aka ajiye masa COBOL da ActionScript, duk mai hankali ActionScript zai nuna masa. Ayyuka na nan, albashi na nan, kuma abin da ka gina da dare kana iya nuna wa mahaifiyarka da safe ta gani da idonta. Bai yi wauta ba. Abin da ya kashe sana'arsa an yanke shi ne a ɗakin taron da ba shi da kujera a ciki.

Wayar iPhone ta fito a 2007 ba tare da Flash ba. A ranar 29 ga Afrilun 2010 Steve Jobs ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilansa: Flash mallakar kamfani ɗaya ne, yana da ramukan tsaro, yana shanye batir, kuma an ƙirƙire shi don linzamin kwamfuta, ba don yatsa a kan gilashi ba. Akwai gaskiya a kowanne. Akwai kuma son kai, domin Apple yana da shagon manhajojinsa da ya buɗe a 2008, yana karɓar kasonsa a kan kowane ciniki, kuma wasan da mutum zai buga kyauta a burauza ba ya biyan wannan kaso. Mai ƙorafin cewa wani ya rufe ƙofa shi ma ƙofarsa a rufe take. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. A Nuwambar 2011 Adobe ya daina aikin Flash na burauzar wayoyi. A Janairun 2015 YouTube ya koma amfani da HTML5, ma'aunin da kowace burauza ke ji ba tare da an maƙala mata komai ba. A Yulin 2017 aka sanar da ranar mutuwa, a ranar 31 ga Disambar 2020 aka janye tallafi, daga 12 ga Janairun 2021 kuma manhajar da kanta ta daina buɗe abin da aka gina da ita. Hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu, wadda wasu takardunta na intanet ke kan Flash, sai da ta fito da burauza tata ta musamman a wannan watan don mutane su iya cike su. FarmVille na asali ya rufe tare da shekarar.

Mu nan ma mun ga irin wannan mutuwa, ko da ba mu san sunanta ba. Ina ƙarami ina kallon yayyena suna hira a 2go, suna shiga intanet da Opera Mini a ƙananan wayoyin Nokia, manhajojin da ke aiki da wani reshe na harshen Java da aka yi don waya mai maɓallai. Manyan wayoyin kamfanin kuwa tsarin Symbian suke amfani da shi, kuma a 2010 shi ne kan gaba a duniya. Nokia ya sayi kamfanin Trolltech a 2008, ya yi ta kiran masu tsara manhaja su koyi kayan aikinsa na Qt, cewa nan gaba take. A ranar 11 ga Fabrairun 2011 shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya sanar da cewa Nokia ya rungumi Windows Phone na Microsoft. Wanda ya yi biyayya ya bar Qt ya koma can, shi ma bai tsira ba, domin Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, bayan 'yan shekaru ya watsar da harkar. Sau biyu cikin shekara goma aka kwashe wa mutum ɗaya tabarma yana zaune a kanta.

Da na kai nan a bincikena, na ɗauka na samu ƙa'ida: harshen da kwamiti ke riƙe da shi, aka kuma ɗora dukiyar jama'a a kansa, yana daɗewa, wanda kamfani ɗaya ya mallaka kayan aro ne. Misalai da yawa sun goyi bayanta. Harshen C da Dennis Ritchie ya samar a farkon shekarun 1970 yana nan a cikin kusan kowace waya. SQL, wanda ya samo asali daga binciken IBM a shekarun 1970 ya kuma samu ma'auni a 1986, har yau da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya. JavaScript, wanda Brendan Eich ya haɗa samfurinsa na farko cikin kwana goma a 1995, aka yi ta yi masa dariya, an miƙa shi ga hukumar ma'auni ta Ecma ya samu ƙa'ida a 1997, kuma shi ne ya gaji gidan Flash.

Amma tarihi bai bar ƙa'idar tawa ta zauna lafiya ba. Ma'aikatar Tsaron da ta ɗaga COBOL ta sake gwada dabarar da harshen Ada, ta wajabta shi a kan 'yan kwangilarta, amma a 1997 ta janye wajabcin. Ada yana nan a jiragen sama da na ƙasa, bai dai mamaye kasuwa ba. Java na kamfanin Sun ne, daga 2010 ya koma hannun Oracle, kuma bai mutu ba, wataƙila don an buɗe tushensa ga kowa kafin cinikin. Objective-C kuwa ya yi shekara ashirin da wani abu a lungu, kusan babu mai waiwayarsa sai masu na'urorin NeXT da Apple, rana ɗaya iPhone ta mai da masu iya shi 'yan gata, a 2014 kuma Apple ɗin ya kawo Swift ya ce a koma can. Wanda ya hau wannan doki a 2008 ya ci riba sosai kafin a sauke shi. Ashe kayan aro ma akan yi ado da su, in an san ranar mayarwa.

Wani abin da ya ƙara sanyaya mini gwiwa shi ne makomar mutanen Flash ɗin kansu. Na zaci zan tarar da su a yashe. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi. ActionScript ɗan ɗaki ɗaya ne da JavaScript, daga ma'auni guda aka tsago su, har ma siga ta uku da ta fito a 2006 an gina ta ne a kan daftarin wani sabon JavaScript da aka yi watsi da shi a 2008. Wanda ya san yadda ake sarrafa motsi a kan allo, yadda ake sauraren dannawar mai amfani, yadda ake raba babbar manhaja gida-gida, ya kwashi wannan ilimi ya ƙaura da shi. Wanda ya sha wuya shi ne wanda saninsa ya tsaya a kan maɓallan manhajar Adobe, ya san inda ake dannawa bai san dalilin dannawar ba. Ayyukan da suka gina ne suka fi su asara; dubban wasanni da zane-zane sun ɓace, sai abin da masu adana tarihi irin su Internet Archive suka ceto da wata manhaja mai kwaikwayon Flash da ake kira Ruffle.

Sannan tsawon ran COBOL bai zama hujjar in koye shi ba, ni da ke zaune a Arewacin Nijeriya. Harshe yana da aiki ne a inda aka binne dukiya a cikinsa, kuma an binne ta COBOL a bankuna da ma'aikatun Amurka, Turai da Japan tun shekarun 1960 da 1970. Bankunanmu da yawa sun shiga zamanin kwamfuta sosai ne daga baya, suka sayi tsararrun manhajoji irin su Finacle na kamfanin Infosys da Flexcube wanda shi ma a Indiya aka haife shi kafin ya koma hannun Oracle, waɗanda ke zaune a kan rumbunan bayanai masu jin SQL. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an duba wace zuma ce a rumbun gidan. Wannan ne ya sa, bayan duk muhawarar ɗakin kwana, na ba wa SQL da JavaScript shekarata, na farko don na ga inda kuɗin ƙasata ke kwance, na biyu don babu kamfani ɗaya da zai iya rufe shi da wasiƙa. Abokina da ya fi ni ƙwazo ya zaɓi wani sabon tsari na kamfani guda, ya kuma riga ni samun aiki. Har yanzu ban san wanda ya yi daidai a cikinmu ba.

A 2023 hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da sabuwar sigar ƙa'idojin COBOL. A watan Agustan wannan shekarar kuma IBM ya sanar da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda aikinta shi ne ta taimaka wajen juya tsofaffin manhajojin COBOL zuwa Java, wato wani sabon yunƙurin kai shi makwanci. Kamfanonin da suka karɓe ta suna buƙatar wanda zai zauna ya gwada fassarar da asalin, layi bayan layi, ya tabbatar kwabo bai zube a hanya ba, kuma wannan aiki sai wanda ya iya karanta COBOL.